Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida: Nazari A Kan Littattafan Tim O'Brien

Masu iya magana sun ce, tsoro na daji, kunya na gida. Amma ba su faɗi wanda yake rinjaye ba idan su biyun suka gamu cikin zuciyar mutum ɗaya. Akwai wani marubucin ƙasar Amurka, Tim O'Brien, wanda ya daɗe yana juya wannan tambaya cikin littattafansa, tun daga na farkon da ya fitar a 1973. Amsar da ya samu ba mai daɗin ji ba ce. Ya ce shi kansa ya tafi yaƙin da bai yarda da shi ba, ba don ƙaunar ƙasa ba, ba kuwa don jaruntaka ba, sai don ya kasa jimre wa idon mutanen garinsu. Mutane da yawa suna ɗaukarsa marubucin yaƙi. Amma wanda ya karanta shi a natse zai ga cewa ƙaramin garin da ya tashi a ciki shi ne babban hafsan da ke ba da oda cikin labarunsa, ko da yake garin bai taɓa riƙe bindiga ba.

Yaron garin talotalo

An haifi Tim O'Brien ran 1 ga Oktoba 1946 a garin Austin cikin jihar Minesota, can arewacin Amurka, jihar da ta yi iyaka da Kanada. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa Worthington, wani ƙaramin garin manoma a kudu maso yammacin jihar, mai mutane wajen 9,000 a zamanin nan. Garin yana bakin wani tafki da ake kira Okabena. Abin taƙamar garin shi ne talotalo, har kowace shekara a watan Satumba akan yi bikin talotalo a babban titi, jama'a su fito kallo. Uwarsa malamar firamare ce. Ubansa yana aikin inshora, ya kuwa yi yaƙin duniya na biyu cikin sojan ruwa.

Zancen uban nan yana da nauyi. Tsarar O'Brien sun tashi a gaban iyayen da suka ci yaƙi, suna jin labarin nasara tun suna ƙanana. A irin wannan gari kuwa kowa ya san kowa, ya san ɗan wane da jikan wane. Saurayin da aka kira soja ya ƙi, ba shi kaɗai zai sha kunya ba. Uwarsa za ta sha ta a kanti, ubansa kuma a wurin da dattawa ke taruwa shan gahawa.

A 1968 ya gama karatun ilimin siyasa a kwalejin Macalester, inda ya shugabanci ɗalibai. Bai daɗe da gamawa ba sai ga takardar kira zuwa soja, gama Amurka tana tsakiyar yaƙi a Biyetnam. A lokacin nan doka tana tilasta wa samari shiga, kuma kowane yanki yana da kwamiti na mutanen wurin masu duba sunayen waɗanda za a kira. Watau maƙwabci ne ke aika ɗan maƙwabcinsa. Wannan tilas bai ƙare ba sai a 1973. Samari dubbai sun ƙetare zuwa Kanada don su tsira, ba a kuwa yafe musu ba sai a 1977, lokacin Shugaba Jimmy Carter.

Shawarar da ya nema bai samu ba

Littafinsa na farko, If I Die in a Combat Zone, watau idan na mutu a fagen fama, ba ƙagaggen labari ba ne, tarihin abin da ya same shi ne. A ciki ya faɗi yadda ya tafi wurin faston sojoji a barikin horo na Fort Lewis, ya gaya masa cewa lamirinsa bai yarda da yaƙin nan ba. Faston bai zauna ya auna maganar tare da shi ba. Sai ya hau shi da zancen bangaskiya da biyayya ga ƙasa. Saurayin ya fito da nauyin da ya shiga da shi.

Sa'an nan ya shirya gudu a asirce. Ya binciki hanya da kuɗin tafiya, daga Amurka zuwa Kanada, daga can zuwa Suwidin. Ya rubuta wa iyayensa wasiƙun ban kwana. Da aka ba shi hutun ƙarshen mako ya tafi birnin Seattle ya kama ɗaki, yana nufin ya wuce. A ɗakin nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ƙone wasiƙun, ya koma bariki. Babu wanda ya kama shi, babu wanda ya tare masa hanya. Tunanin iyayensa da garinsu ne ya komo da shi.

Ya yi aikin sojan ƙasa a Biyetnam daga Fabrairu 1969 zuwa Maris 1970, cikin rundunar da ake kira Americal, a lardin Quang Ngai. A lardin nan ne ƙauyen My Lai yake, inda ran 16 ga Maris 1968 wasu sojojin wannan runduna suka kashe ƴan ƙauye marasa makami, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Biyetnam ta ƙirga mutum 504. O'Brien bai iso ba sai bayan kusan shekara guda, ya yi ta sintiri a yankin bai san abin da aka yi ba, sai da labarin ya fasu a ƙarshen 1969. Ya ji rauni daga ɓarɓashin gurneti, ya fita soja da muƙamin saje.

Kayan da suka ɗauka

Littafin da ya fi ɗaukaka sunansa ya fito a 1990, The Things They Carried, watau kayan da suka ɗauka. Gajerun labarai ne 22 masu sarƙe da juna, a kan wani ƙaramin ayarin sojoji. Labarin farko ya fara kamar takardar ma'aji. Wane yana ɗauke da bindiga mai jigida, nauyinta ya fi kilo 10. Wane yana ɗauke da rediyo, kusan kilo 12. Ga hular kwano, ga rigar sulke, ga ruwa, ga harsashi. Laftana Jimmy Cross yana ɗauke da wasiƙun wata budurwa mai suna Martha. Kiowa, ɗan asalin ƙabilun farko na Amurka, ɗan ikilisiyar Baftis, yana ɗauke da Sabon Alkawari wanda ubansa ya ba shi, da ɗan gatarin kakansa.

Dabarar marubucin a nan abar yabo ce. Yana sa mai karatu ya saba da awon kilo, sa'an nan a hankali ya shigo da kayan da sikeli ba ya aunawa: tsoro, da kewa, da alhaki. Wanda ya ɗora a bisa duka kuwa shi ne gudun jin kunya. A ganinsa sojojin nan suna kisa suna mutuwa domin kada a ce sun yi raki. Ba wa'azi ya yi ba, lissafi ya yi, lissafin ne ya yi magana. Turancinsa mai sauƙi ne, jimlolinsa gajeru. Sai dai ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri cewa bakin sojojin ba shi da linzami, akwai ashar da zancen banza, gama marubucin bai wanke musu harshe ba.

Tsoho a bakin kogi

Zuciyar littafin ita ce labarin kogin Rainy, wanda ya raba Minesota da Kanada. Mai ba da labari, wanda shi ma sunansa Tim O'Brien, ya sami takardar kira, yana aiki a mayankar aladu, ya kasa barci. Wata rana ya ɗauki mota ya nufi arewa, ya sauka a masaukin wani tsoho mai shekara 81, Elroy Berdahl. Kwana 6 suka yi tare. Tsohon ya gane abin da ke cin yaron, amma bai tambaye shi ba ko sau ɗaya. Ya ciyar da shi, ya ba shi ƴan ayyuka, ya miƙa masa kuɗi. A rana ta ƙarshe ya ɗauke shi cikin kwalekwale wai kamun kifi, ya kai shi dab da gaɓar Kanada, ya kashe inji, ya jefa ƙugiyarsa, ya kawar da kai. Saurayin ya dubi gaɓar, sai ya ga kamar dukan garinsu sun taru suna kallonsa, iyaye da malamai da tsofaffin sojoji. Ya fashe da kuka, ya kasa faɗawa ruwa. Ya koma, ya tafi yaƙi, ya kuma kira wannan tafiya ragwanci.

A nan ne O'Brien ya juye maganar da aka saba. Gari yana cewa wanda ya gudu shi ne matsoraci. Shi kuwa ya ce wanda ya san abu mugu ne, ya aikata don kada a yi masa dariya, shi ne matsoraci. Bai kuma wanke kansa ba. Ya nuna cewa cikin ƙin yaƙin nasa akwai girman kai, gama yana ganin mai ilimi irinsa ya fi ƙarfin a tura shi daji, sai dai a tura wasu.

A 1999, cikin wata lacca a jami'ar Brown, ya ba masu sauraro wannan labari kamar tarihinsa, sa'an nan ya gaya musu cewa babu Elroy, babu masaukin, shi kuwa bai taɓa zuwa kogin ba. Abin da ya yi a watannin nan shi ne wasan golf da zullumi. Wanda ya aza littattafan biyu gefe da gefe zai ga abin tausayi. Mai ba da shawara na gaske, watau faston bariki, yana da magana da yawa amma ba shi da kunne. Dattijon da ya iya yin shiru ya bar yaro ya fuskanci lamirinsa, sai da marubucin ya ƙaga shi, domin bai same shi a raye ba.

Komowa gida

Garin da ya tura yaro yaƙi, me yake yi ran da yaron ya komo? Amsar tana cikin labarin Norman Bowker. Ranar bikin ƴancin Amurka, 4 ga Yuli, Bowker yana cikin motar ubansa yana kewaya tafkin garinsu a jihar Ayowa. Kewayen ya kai kamar kilomita 11, ya yi shi sau 12. Yana da lambobin yabo 7, amma ba su ne yake so ya yi zance a kai ba. Yana so ya faɗi daren da ayarinsu ya sauka a wani fili a bakin kogi, ashe bayan gidan ƙauye ne, ruwan sama ya mai da shi taɓo, aka yi ta yi musu ruwan wuta, Kiowa ya nutse cikin ƙazanta, shi kuwa ya kama takalminsa ya saki. Yana ta shirya maganar cikin ransa, yadda zai gaya wa ubansa, yadda zai gaya wa tsohuwar budurwarsa. Amma uban yana gida yana kallon wasa a talabijin, budurwar ta yi aure. Gari yana da tsabta, ciyawa a gyare, ba wanda yake so ya ji warin filin nan.

Labarin da ke biye ya ce Bowker ya rataye kansa a 1978. A nan kuma mai ba da labari ya faɗi cewa tafkin da hanyar da gidajen duk na Worthington ne, ya ɗauke su ne ya kai Ayowa. Ashe garin nan guda ne. Shiru iri biyu ke nan cikin littafin. Shirun Elroy na mai saurare ne, yana ba mutum wuri. Shirun garin Bowker na wanda ya toshe kunne ne. O'Brien yana ganin rubutu shi ne ya raba shi da makomar Bowker, gama takarda ta karɓi abin da gari ya ƙi ji. Wannan shi ne dalilin rubutunsa, shi ne kuma abin da ya ɗaure garin da yaƙin da alƙalamin wuri ɗaya.

Shaida ce ko ƙarya?

Dole mai karatu ya yi tambaya a nan. Mutumin da ya sa wa ƙagaggen mutum sunansa da shekarunsa, ya ba shi ƴa mai suna Kathleen alhali shi ba shi da ƴa mace, har ya sadaukar da littafin ga sojojin da ya ƙaga, ba shaidar zur yake yi ba? A wani labari mai maganar ya ce ya jefa gurneti ya kashe wani saurayi a kan hanya. Can gaba ya ce ba shi ya kashe shi ba, yana wurin dai. Sa'an nan ya ce ko wannan ma ƙagawa ce. O'Brien yana raba gaskiya biyu, ta abin da ya faru da ta labari, yana cewa wani lokaci ta biyun ta fi isar da abin da mutum ya ji a jikinsa. A fagen fama ya ga gawawwaki amma tsoro ya hana shi duban fuskokinsu. Cikin labari ne ya tilasta wa kansa ya duba.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san wannan hanya. Annabi Natan bai zo wa Sarki Dawuda da jerin laifofinsa ba, ya ba shi labarin mai arziki da ya ƙwace ƴar tunkiyar matalauci. Babu tunkiyar, babu matalaucin, duk da haka labarin ya isa inda tuhuma ba za ta isa ba. Akwai kuma ma'auni mai sauƙi. Mai shaidar zur yana ƙarya don ya kuɓuta, ko don ya ɗora wa wani. O'Brien yana ƙagawa don ya ƙara wa kansa alhaki. Bai ƙaga wa kansa jaruntaka ba, kuka da kisa da ragwanci ya ƙaga. Ya kuma rubuta a goshin littafin cewa ƙagaggen labari ne. Saboda haka ba daidai ba ne a kira shi maƙaryaci.

Amma dabarar tana da tsada. Natan bai bar Dawuda cikin duhu ba, nan take ya nuna masa wanda ake nufi. O'Brien kuwa yana janye tabarma sau da yawa, har mai karatu ya fara shakkar kowane abu. Wannan yana da hatsari a ƙasar da aka yi kisan My Lai, inda aka ɓoye gaskiya fiye da shekara guda, inda kuma mutum ɗaya tak, Laftana William Calley, kotun soja ta kama da laifi a 1971. Mutum 504 ba gaskiyar labari ba ce, gaskiyar ƙirga ce, ba ta kuwa son wasa. Da alama shi ma ya san haka, gama da ya koma Quang Ngai a 1994 ya rubuta abin da ya gani a fili, ba tare da rufa-rufa ba. A shekarar nan kuma ya fitar da In the Lake of the Woods, labarin wani ɗan siyasar Minesota da ya ɓoye cewa yana My Lai, har asirin ya tonu ya rushe masa takara da gida.

Inda ya gaza

Babban gibin littafin shi ne mutanen Biyetnam. Amurka ta rasa sojoji fiye da 58,000. Gwamnatin Biyetnam a 1995 ta ce nata matattu, soja da farar hula, sun kai wajen miliyan 3. Duk da haka cikin labarai 22 da wuya a ji muryar ɗan ƙasar. Akwai yarinya mai shekara 14 da ke rawa a gaban gidansu da aka ƙone, danginta a mace a ciki, ba a faɗi sunanta ba. Akwai malaman addinin Buda biyu a wani tsohon ɗakin ibada da sojojin suka mayar sansani, suna taya su goge bindiga. Kiowa kaɗai ya dage cewa ba daidai ba ne a kafa makami a wurin sujada, ko na wane ne. Malaman kuwa ba a ji abin da ke ransu ba.

Ko saurayin da aka kashe a kan hanya, da mai ba da labari ya zauna ya ƙaga masa rayuwa, sai ya ce an haife shi a 1946, mai son karatu ne, ba ya son yaƙi, ya shiga ne don kada ya kunyata iyayensa da ƙauyensu. Wannan ai O'Brien ne da kansa. Tausayi ne, amma tausayin mai duban madubi. Wanda ke son ya ji ɗaya gefen sai ya nemi littafin Bao Ninh, The Sorrow of War, watau baƙin cikin yaƙi. Marubucinsa sojan Biyetnam ta Arewa ne, ɗaya daga cikin 10 da suka tsira cikin ayarin samari 500.

Haka kuma O'Brien yana cewa labarin yaƙi na gaskiya ba ya koyar da halin kirki, idan ya koyar kada a yarda da shi. An gane abin da yake gudu, watau labaran da ke shafa wa yaƙi turare don a ja wasu samari. Amma littafinsa ya ƙaryata shi, gama daga fari har ƙarshe yana auna alhaki, yana tambayar wa ke da laifin mutuwar Kiowa, laftanan da ya zaɓi filin ne, ko yaron da ya kunna tocila, ko mutanen gida da suka tura su.

Da waɗannan gibi duka, littafin ya cancanci a karanta shi, musamman ga waɗanda ba su taɓa zuwa yaƙi ba, domin su ne ya fi tuhuma. Kunya abu ne mai kyau, ita ce ke tsare gida. Amma O'Brien ya nuna cewa akan sami ranar da kunyar idon mutane take cin karo da lamiri, ranar nan kuwa saurayi yana bukatar dattijon da zai saurare shi kafin ya tafi, da garin da zai saurare shi in ya komo. A Worthington na littattafansa bai sami ko ɗaya ba. Masu tafi ranar rakiya suna da yawa, amma ran da Norman Bowker yake kewaya tafki babu wanda ya tsai da motar ya tambaye shi abin da ya gani.